Ɗakin Haɗa Kiɗa a Gida: Abin da Mai Zuba Jari Ya Kamata Ya Sani

LEGAS — Duk wanda ya ratsa ɓangaren kayan kiɗa na babbar kasuwar Alaba da ke Ojo, ko kuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, zai tarar da wani irin ciniki da ya zama ruwan dare. Saurayi ne zai zo da kuɗin da ya tara, ko wanda yayansa ko maigidansa ya ranta masa, ya sayi fiyanon lantarki da kwamfuta da makirufo da lasifika biyu, a ɗaure masa cikin kwali, ya hau motar Kano ko Jos ko Kaduna da niyyar buɗe ɗakin haɗa kiɗa a gida. Sayen kayan ba ya cin yini guda. Abin da ke cin makonni, wani lokaci ma ya cinye jarin ɗungum, shi ne ranar da aka kwance kwali aka ce a haɗa wannan da wancan su yi aiki tare. A nan ne za a danna fiyano kwamfuta ta yi gum, ko ta amsa a makare, ko kuwa lasifika ta kama gunji kamar an girke taransifoma a tsakar ɗaki.

Ga ɗan kasuwar da ake nema ya sa kuɗinsa cikin wannan sana'a, ko mai kantin kayan lantarki da ke son ƙara wannan hajja, batun ya wuce sha'awar samari. Kusan dukan kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma tun lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, a watan Yuni na 2023, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Ta ɗaya gefen kuma akwai kuɗi a harkar waƙa. Kamfanin Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ya bayar da sanarwar cewa mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da Naira miliyan dubu 25 ta hannunsa a 2023, da sama da miliyan dubu 58 a 2024, ko da yake faɗuwar darajar Naira tana da hannu cikin wannan ninki. Ƙaramin situdiyo na unguwa dai ba da irin wannan kuɗi yake cin abinci ba. Abincinsa na yau da kullum shi ne tallar rediyo, da waƙar biki, da waƙar 'yan siyasa, da ƙasidu, da waƙoƙin majami'u, da kiɗan finafinai. Masu kawo irin wannan aiki kuwa ba su da haƙuri: wanda ya zo ya tarar ana fama da waya, gobe wani wuri zai nufa.

Abin da ke haɗa fiyano da kwamfuta wata yarjejeniya ce ta kamfanoni da ake kira MIDI. Kafin ta, kowane kamfani mai ƙera na'urar sarrafa sauti, watau sintasaiza, wadda makaɗa a nan suka fi sani da fiyano, yana da tasa hanyar, har ya zamana na'urar wannan kamfani ba ta jin yaren ta wancan. Mutane biyu ne suka yi ruwa suka yi tsaki wajen warware matsalar: Dave Smith, mai kamfanin Sequential Circuits a Amurka, da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan. A watan Janairu na 1983, a wajen bajekolin kayan kiɗa na garin Anaheim a Jihar Kalifoniya, aka jona fiyano samfurin Prophet-600 da Roland Jupiter-6 da waya guda, aka danna ɗaya, ɗayan ya amsa. Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, waɗanda suka ƙago tsarin ba su sa masa kuɗin haya ba, sun bar shi kowane kamfani ya ɗauka kyauta. Saboda haka ya bazu cikin ɗan lokaci, kasuwar kowa ta faɗaɗa, kuma a 2013 aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Grammy a fannin fasaha.

Abu na farko da mai koyo zai riƙe, wanda kuma rashin saninsa ya fi kowane abu jawo asara, shi ne cewa wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni take ɗauka. Ɗan kasuwa zai fi kowa gane wannan, domin tamkar bambancin takardar oda ne da kayan da ke cikin mota. Idan makaɗi ya danna madanni, fiyano yakan aika da saƙo mai cewa an danna madanni lamba kaza, da ƙarfi kaza, a tasha kaza. Idan ya ɗaga yatsa, ya sake aika wani saƙon cewa an saki. Madannin da ke tsakiyar fiyano lambarsa 60, ƙarfin dannawa kuma ana auna shi har zuwa 127. Kwamfuta tana rubuta waɗannan saƙonni bi da bi da lokacin da kowanne ya iso, sa'an nan in an bukata ta mayar da su ga fiyano, ko ga wata manhaja da ke cikinta, a sake buga kiɗan kamar yadda aka yi shi.

Amfanin wannan tsari yana da yawa. Tun da umarni aka ajiye, ana iya gyara kuskuren yatsa ɗaya ba tare da an sake kiɗan duka ba. Ana iya ɗaga kiɗa sama ko a sauke shi ƙasa domin ya dace da muryar mawaƙiya, a ƙara masa sauri ko a rage, ko a ce abin da aka buga da muryar sarewa a mai da shi muryar garaya ta Turawa. Ga shi kuma ba ya cin wuri: minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10, alhali kuwa umarnin waƙa sukutum yana shiga cikin tsohon faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44 har ya bar sarari. Amma illar rashin fahimta ita ma a nan take. Sau da yawa akan ga wanda ya jona wayar MIDI kaɗai, ya ga alama tana motsi a fuskar kwamfuta, ya kammala aiki, ya kwafa wa mai waƙa, a je gida a kunna a ji murya babu kiɗa. Takardar oda ta isa, kaya suna nan a sito.

Domin haka kowane situdiyo yana da hanyoyi biyu, kuma tilas a shimfiɗa kowace dabam. Ta farko ita ce ta umarni. A bayan tsofaffin fiyano, da manya daga cikin sababbi, akwai ramuka zagayayyu masu ƙananan huji biyar, an rubuta IN a kan ɗaya, OUT a kan ɗaya, wani lokaci da na uku mai suna THRU. Na farko mashiga ce, na biyu mafita, na uku kuwa yana miƙa kwafin abin da ya shigo zuwa ga wata na'ura ta gaba. Ƙa'idar ita ce mafitar wannan ta tafi mashigar wancan. Da sauƙin faɗa, amma wayoyin da ke da kan USB a gefe ɗaya da kawuna biyu na MIDI a ɗaya gefen sun rikita mutane da yawa, domin a galibinsu kan da aka rubuta wa IN a ramin OUT na fiyano yake shiga. Wanda ya haɗa IN da IN babu abin da zai ƙone, sai dai zai wuni yana zargin mai kanti. Tsawon irin wannan waya kada ya wuce mita 15, kuma ba a son a jera na'urori fiye da biyu ko uku ta ramin THRU, saboda saƙon yana gurɓata in ya bi hannu da yawa.

Sababbin fiyano sun sauƙaƙa lamarin, domin da wayar USB irin ta firinta ake jona su kai tsaye. Sai dai a samfuran Yamaha, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun makaɗan ƙasar nan, ramukan USB iri biyu ne: wanda aka rubuta wa TO HOST shi ne na kwamfuta, wanda aka rubuta wa TO DEVICE na filashi ne. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar kada wayar ta kai mita 3.

A cikin waya guda akwai tashoshi 16, kamar yadda rediyo ɗaya ke kama tashoshi dabam-dabam. Mai aikawa da mai karɓa sai sun tsaya a tasha ɗaya. Bisa ƙarin yarjejeniyar da aka yi a 1991, mai suna General MIDI, an keɓe tasha ta 10 domin ganguna, aka kuma jera muryoyin kayan kiɗa 128 kowanne da lambarsa, domin waƙar da aka haɗa a kan na'urar wannan kamfani ta fito daidai a kan ta wancan. Wanda ya ji ya danna fiyano sai ganga ke tashi, to ya duba, a tasha ta 10 yake. Akwai kuma wani ɗan tarko: wasu kamfanoni suna ƙirga muryoyin daga 0 zuwa 127, wasu daga 1 zuwa 128, saboda haka akan nemi wata murya a samu maƙwabciyarta.

Wata matsala da ke sa sabon shiga ya ɗauka fiyanonsa ya lalace ita ce ninkin sauti. Idan an danna madanni fiyano yakan yi ƙara da kansa, ya kuma aika wa kwamfuta umarni, ita kuma ta dawo masa da umarnin nan take, sai ya sake yin ƙarar. Sautin yakan fito a shaƙe kamar na mai mura, kuma yawan muryoyin da na'urar ke iya fitarwa a lokaci ɗaya ya ragu da rabi. Maganinta ba ya cin ko kwabo: a shiga saitin fiyano a kashe abin da aka rubuta wa Local Control, watau a raba madannai da injin sautin, kwamfuta ta zama ita ce dillali a tsakaninsu.

Hanya ta biyu ita ce ta sauti, kuma ita ce mai cin kuɗi. Sautin fiyano da muryar mawaƙi suna shiga kwamfuta ne ta wani ɗan akwati da 'yan kasuwa ke kira saunkad, wanda ke juya sauti ya zama lissafi, ya kuma dawo da shi zuwa lasifika. Ramin makirufo da ke jikin kwamfuta ba ya wannan aiki yadda ya kamata. Mai mashiga biyu ya isa wanda zai fara, amma a sani fiyano kaɗai yana cin mashiga biyu in ana son sautinsa na dama da na hagu. Makirufo mai laushin ji, irin wanda ake ɗaukar murya da shi a situdiyo, yana bukatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga wannan akwati, kuma akwai maɓallinta. Da dama an mayar wa mai kanti da makirufo mai lafiya don kawai ba a danna shi ba.

Sai batun jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi cikin ɗan mudu sa'an nan ta juye. A ma'aunin faifan CD ana yanka kowace daƙiƙa gida 44,100. Idan an saita mudun ya ɗauki 128, jinkirinsa kimanin kashi 3 ne cikin dubu na daƙiƙa, kunne ba ya kamawa. Idan an kai shi 1,024, ya zama kimanin kashi 23, ga kuma ƙarin da shiga da fita ke jawowa, makaɗi zai ji hannunsa na gaba sauti na biye, kiɗa ya watse. Ƙaramin mudu kuwa yana wahalar da kwamfuta mai rauni har sauti ya riƙa tsattsagewa. Masu sana'ar sukan rage shi lokacin ɗauka, su ƙara shi lokacin tacewa. A kwamfuta mai Windows wajibi ne a sa manhajar direba ta kamfanin da ya ƙera akwatin, mai bin tsarin ASIO na kamfanin Steinberg, in ba haka ba babu saitin da zai raba mutum da jinkiri.

Duk wannan ilmi ne da ke cikin littattafan kamfanoni. Abin da littattafan ba su tanada ba shi ne wutar Nijeriya. Wutar gida a nan tana tsakanin bolt 220 da 240, ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kayan gwanjo da yawa daga waɗannan ƙasashe biyu suke fitowa, kuma tsohon fiyano ko mikisa da aka ƙera domin wutar can, in aka soka shi a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙauri kawai za a ji. Haka nan adafta: wasu na'urori bolt 9 suke ci, wasu 12, wasu 16, kuma kan adaftar wani kamfani yana iya shiga ramin wani alhali ƙafafun wutar a juye suke. Karatun 'yar takardar da ke manne a bayan na'ura ya fi arha a kan neman allon cikinta, wanda sau da yawa ba ya samuwa a ƙasar nan.

Gunjin da ake ji a lasifika kuwa galibi daga rashin wayar ƙasa mai kyau yake, ko kuma daga jona kayan a soket dabam-dabam. Wayar MIDI ta asali ba ta jawo shi, domin masu tsara ta sun sa wani ɗan fitila a mashigarta wanda ke miƙa saƙo da haske, babu haɗin wuta tsakanin na'urorin biyu. Wayar USB ba ta da wannan kariya, shi ya sa wani lokaci tsohuwar hanya ta fi sabuwa tsabtar sauti. Dabarar farko dai ita ce a tara dukan kayan situdiyo a kan layin wuta guda. Ƙaramin janareta yana kawo nasa surutun ta waya da ta iska, ga tsadar mai tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wutar gwamnati ma ba ta da sauƙi: a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashi ga 'yan rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Abin da ke sanyaya rai shi ne kwamfutar cinya da fiyano da saunkad da ƙananan lasifika biyu, duka a haɗe, ba su kai dutsen guga ɗaya cin wuta ba, don haka inbata mai tsabtatacciyar wuta da batir suna iya riƙe su, kuma shirunsu kansa jari ne ga mai ɗaukar murya.

In an waiwaya baya za a ga yadda ƙofar sana'ar ta buɗe. Marigayi William Onyeabor na Enugu, wanda ya fitar da fayafayansa tsakanin 1977 da 1985, sai da ya gina situdiyo nasa cike da na'urori irin su Moog, har da injin buga faifai, abin da sai attajiri. A 1985 kamfanin Atari ya fito da kwamfuta samfurin ST mai ramukan MIDI a jikinta, a 1989 Steinberg na birnin Hambag a Jamus ya fito da manhajar Cubase a kanta, a 1996 kuma ya kawo tsarin VST, wanda daga bisani ya sa fiyanon kansa ya koma manhaja a cikin kwamfuta. Manhajar FruityLoops ta ƙasar Beljiyam, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003, ita ta ƙarasa rushe katangar, har ya zama yaro mai kwamfuta ɗaya a ɗakin haya yana haɗa kiɗan da za a ji a rediyo.

A Kano, kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna, fiyanon Yamaha samfurin PSR ne ya zama ƙashin bayan kiɗan finafinan Hausa a ƙarshen shekarun 1990, a situdiyo irin su Iyan-Tama da Sarauniya, kuma karɓuwar fim ɗin Sangaya a 1999 ta sa kowane furodusa neman irin wannan sauti. A nan akwai wani giɓi da ya dace 'yan kasuwa su duba. Cikin muryoyi 128 na General MIDI akwai sita da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba, amma babu kalangu, babu goge, babu kukuma, babu algaita. Makaɗan fiyano sun daɗe suna aron muryar da ta fi kusa, suna murza 'yar ƙafar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu domin kwaikwayon yadda kalangu ke hawa da sauka in an matse tsarkiya. Yanzu kuwa ana iya gayyato makaɗin kalangu na ainihi, a biya shi, a ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya, a raba wa madannai, a riƙa kiransu da umarnin MIDI. Tarin irin waɗannan sautuka hajja ce da ake sayarwa a intanet da kuɗin waje, kuma wanda ke zaune kusa da masu kalangun ya fi kowa damar haɗa ta.

Dangane da tsarin sayayya, kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba rabin jari a kan fiyano mafi girma a kanti, a bar saura su yi ta maneji. Wanda zai dogara da muryoyin cikin kwamfuta ba ya bukatar fiyano mai injin sauti, madannai zalla masu aika umarni sun ishe shi, kuma sun fi arha nesa ba kusa ba. Wanda kuma zai riƙa fita wasan biki da taro shi ne mai bukatar fiyano mai lasifika da kiɗan rakiya. Manhajar sata da ake loda wa mutane a kasuwa tana zuwa da ƙwayar cuta, tana kuma tsayawa a tsakiyar aiki, alhali galibin saunkad sababbi suna zuwa da ƙaramar manhaja ta halal kyauta, manhajar Reaper kuma dala 60 ce ga ƙaramin mai sana'a. Ya kamata kuma kowane aiki a ajiye shi iri biyu, umarni dabam sauti dabam, a wuri fiye da ɗaya, domin mai waƙar siyasa yakan dawo bayan shekara huɗu yana son kiɗan nan dai, a canza sunan ɗan takara.

Wannan ya kawo batun mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka tun kafin a danna madanni ya dace a rubuta ko kuɗin da mawaƙi ya biya na aikin yini ne ko na sayen kiɗan ɗungum, da kuma wanda zai riƙe fayilolin asali. Mai jari da bai ga irin wannan takarda a situdiyon da ya sa wa kuɗi ba, yana da dalilin yin tambaya.

A watan Janairu na 2020 ƙungiyar kamfanonin ta amince da sabon tsari mai suna MIDI 2.0, wanda ya faɗaɗa ma'aunin nan na 127 ƙwarai, ya kuma ba na'urori damar tambayar juna abin da kowace ke iyawa. An tsara shi yadda ba zai kori tsohon ba, don haka Yamaha DX7 na 1983 ko Korg M1 na 1988 da ke jingine a kantin gwanjo har yanzu yana iya aiki da kwamfutar da aka saya bana. Mai sayen irinsu sai ya je da kwamfutarsa da wayarsa, ya jona a gaban mai kanti, ya danna madannai ɗaya bayan ɗaya, a hankali sa'an nan da ƙarfi, yana duba ko kowanne na aika lambarsa da ƙarfinsa. Ya gwada ramin shiga da na fita, ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a baya, ya kuma tambayi lafiyar ɗan batirin ciki mai riƙe muryoyi, domin in ya mutu na'urar takan manta da duk abin da aka ajiye a cikinta.